Yadda ake kewaya dutse a gano inda elik suke kafin a bude farauta

Shekaran jiya da daddare muna zaune wajen mai shayi a Tudun Wada sai kanin wani abokina da yake karatu a jihar Kolorado ta Amurka ya kira yayansa ta WhatsApp, wai abokan karatunsa sun gayyace shi farautar elik watan Satumba, shi kuma bai san ta inda zai fara ba. Yayan ya miko min waya yace gashi nan, kai da ka zauna can kayi masa bayani. Na fara kenan netwok ya dinga daukewa, sai nace masa kanina bari kawai, zan zauna in rubuta maka, kila wani ma ya amfana. To gashi.

Ga wanda bai san dabbar ba, ka dauka gwanki ne amma ya fi shi jiki, ga wuya mai duhu ga farin gindi. Namiji babba yakan haura kilo 300, mace kuma ta dan wuce 200. Kahon namijin reshe-reshe ne kamar busasshiyar bishiya, kuma abinda ya fi bani mamaki farkon zuwana shine duk shekara sai ya zubar da shi wajen watan Maris wani sabo ya fito, ba kamar na gwanki ko bauna da suke mutuwa da nasu ba. Kolorado ce tafi kowace jiha yawansu, wajen dubu 300 ne, amma wallahi sai ka yi kwana biyar kana yawo a dutse baka ga ko daya ba idan baka yi aikin gida ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni wajen kawuna na fara sanin wannan aikin, maharbi ne na gaske ta bangaren Birnin Gwari tun lokacin da ake iya shiga dajin nan da kwanciyar hankali, Allah ya dawo mana da zaman lafiya. Kafin ya dauki bindiga sai ya yi kwanaki yana fita da sanda da gora kawai, ina ce masa Kawu yau ma ba a samo komai ba? sai yace dana ai na samo, na san inda suke shan ruwa. Da na je Amurka na ga Turawa da na'urori kala-kala sai na tarar tambayoyin Kawu ne dai suke yi: ina take ci, ina take sha, ina take kwanciya, ta ina take bi tsakaninsu, in an tsorata ta ina take gudu.

Ka fara daga daki. Jihar an yanka ta yanki-yanki kowanne da lambarsa, kuma lasisinka yana da yankin da ya halatta maka da jinsin da ya halatta maka, namiji ko mace ko kowanne daga cikinsu, dan haka kafin komai ka dauki littafin dokokin hukumar Colorado Parks and Wildlife na wannan shekarar ka karanta da kanka, kar ka dogara da na bara ko abinda wani ya fada maka, suna canza abubuwa. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949 sai yana da shaidar kwas din koyon farauta kafin a sayar masa da lasisi, wasu lasisin kuma ta kuri'a ake samu wadda ake rufe nemanta farkon Afrilu. Bayan ka san yankinka sai ka bude Google Earth, ka hada da manhaja irin onX Hunt wadda take nuna maka iyakar filin gwamnati da na mutane, domin can shiga filin wani ba izini ba karamin laifi bane, ba irin nan bane da zaka ratsa gonar mutum kace sannu da aiki Baba ka wuce.

A taswirar abu na farko da zaka nema shine gangaren da yake fuskantar arewa. Wannan sai na dan tsaya a kai saboda mu 'yan Kaduna bamu saba da shi ba. Mu nan rana kusan ta tsakiyar kai take wucewa, dutse ko ta ina rana tana dukansa. Can kuwa sun yi nisa arewa, rana ta kudu take karkata, saboda haka gefen dutsen da ya kalli kudu ya fi zafi da bushewa, ciyawa da kananan itatuwa ne a kai, gefen da ya kalli arewa kuma inuwa ce da danshi da duhuwar manyan itatuwa, wani wajen ga kututture sun fadi sun hau juna ko tafiya da kyar. Elik dabbar sanyi ce, gashinta mai kauri ne, zafi yana damunta sosai, to da rana a wannan duhuwar take kwanciya tana tuka. Kuma ba a kan gangare tsaye take kwanciya ba, tana neman dan wurin da kasa ta kwanta kamar dakali a jikin dutsen, a taswira zaka ga layukan da suke nuna tsawon tudu wadanda suke matse da juna sun dan bude sannan su sake matsewa, to ka sa alama nan. In ka samu irin wannan dakalin, kusa da shi akwai fili mai ciyawa, kasa kadan akwai idon ruwa ko korama, ka samu wurin da ya cancanci takawa. Ka kara duba wuyan dutse, wato inda tudu biyu suka hadu ya dan yi kasa, nan suke ketarawa daga wannan kwari zuwa wancan saboda ita ma dabba bata son wahalar banza. Sai wurin da gobarar daji ta ci shekaru kadan da suka wuce, wannan kam duk wanda ya taba ganin yadda gada da barewa suke bin sabon toho bayan an kona daji ya san dalili.

Sai hanya. An dade ana bincike a dajin gwaji na Starkey a jihar Oregon kuma abinda suka gani shine elik suna nisantar hanyar da motoci suke bi. Ni dai a taswira ina zana da'ira, duk abinda bai kai kilomita biyu daga titi ba ina rage masa daraja, sai dai in akwai wani mugun kwazazzabo ko hawa mai tsayi tsakaninsa da titin wanda mutane suke kyashin hawa, irin wannan wani lokacin ya fi wuri mai nisa albarka. Amma kar ka zake, ka tuna in Allah ya baka sa'a naman a bayanka zaka dauko shi, sawu uku ko hudu kana hawa kana sauka, ga zafin Satumba da zai iya bata nama, barin nama ya lalace kuma laifi ne a dokarsu, a addininmu ma almubazzaranci ne. Ka ware wuri biyar ko shida, kar ka rike daya.

To amma zuwa da kai ya fi sako. Hoton tauraron dan adam zai iya zama na shekarun baya, idon ruwan da ka gani ya kafe, filin da ka sa rai an zuba garken tumaki ko shanu a ciki.

Kafin ka taka, maganar jiki. Kaduna tudunta wajen mita 600 ne daga teku, Jos da muke cewa sama ce wajen 1,200, dutsen Chappal Waddi da ya fi kowanne tsawo a Najeriya mita 2,419. Elik kuwa a watan Yuli da Agusta sai ka same su a mita 3,000 zuwa sama, har inda bishiya take daina fitowa. Iska bata da kauri a wurin, taku ashirin sai haki, ciwon kai, rashin barci. Ko kana zagaye Murtala Square kullum da safe sai ka ji a jikinka. Ka kwana daya ko biyu a wani gari mai matsakaicin tudu kafin ka hau, ka sha ruwa da yawa, in ciwon kai ya tsananta da amai ko jiri ka sauko kasa, ba jarumta a ciki. Kuma a wadannan watanni hadari yakan taso da rana tsaka da tsawa mai hatsari, kar azahar ta same ka a kan kololuwa. Ka fadawa wani inda zaka da ranar dawowarka, ka sauke taswira a waya tun a gari saboda ba sabis a can.

Yanzu ainihin aikin. Mafi yawansa zama ne. Ka nemi wani tudu da yake kallon kwarin da kake zargi daga nesa, kilomita daya ko biyu, ka hau tun da duhu da tocila, ni a can nake sallar asuba, ruwan alwala kamar zai yanke yatsu amma natsuwar wurin bana jin na taba samun irinta a wani waje. Ka zauna jikin dutse ko bishiya kar ka tsaya a saman tudu inda za a hango siffarka a sararin sama, ka dora madubin hangen nesa akan kafa uku in kana da shi saboda hannu yana rawa, sannan ka bi dutsen a hankali yanki-yanki kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kar ka nemi dabba sukutum, ka nemi launin kasa-kasa mai haske da bai dace da wurin ba, ko farin gindi, ko motsin kunne. Da gari ya waye zaka gansu a fili suna kiwo, rana na dagowa su fara shigewa duhuwa, to wannan shigewar ita ce darasin, ka rubuta karfe nawa suka shiga, ta wace kofa, suka yi sama ko gefe. Da yamma bayan la'asar ka dawo ka ga ta inda zasu fito. Kwana biyu ko uku a haka ya fi sati guda na yawo barkatai.

Ga kuskuren da kusan kowa yake yi, kuma shine dalilin da yasa na ga wajibi ne in rubuta wannan. A Agusta zaka hango manyan maza su uku su biyar a can sama sun ware kansu, kaho ya cika yana lullube da wata fata mai laushi, zuciyarka ta buga kace shikenan na samu wuri. Ranar da aka bude farauta ka dawo ba kowa. Dalili kuwa, karshen Agusta suke goge fatar kahon, abota ta watse, kowanne ya kama hanyar neman mata domin Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ne lokacin barbara, wani sai ya yi tafiyar kilomitoci. Matan kuwa da 'ya'yan da suka haifa wajen karshen Mayu da Yuni basa nisa da inda ciyawa da ruwa suke. Saboda haka in ka ga garken mata a Agusta ka rike wurin da hannu biyu, mazan zasu zo su same su har gida.

Hanya ta biyu ta sanin inda barbara take faruwa ita ce alamun bara. Da rana tsaka lokacin da hange baya amfani sai ka sauka ka taka, kana duba kasa da jikin itatuwa. Namiji yana goga kahonsa a jikin kananan bishiyoyi ya sale bawon tun daga wajen gwiwarka har sama da kanka, wani lokaci ya karya bishiyar gaba daya. Guda daya ba komai bane, amma in ka samu wuri da suke da yawa, wasu sun bushe sun yi toka-toka na shekarun baya wasu na bara, to duk shekara nan ake taruwa. Sai wurin birgima, wani dan tabo ne kusa da idon ruwa inda namiji yake fitsari ya kwanta ya turmuje jikinsa da laka saboda warin ya ja mata. Sabo zaka ga ruwan a gurbace, laka ta fantsama a ciyawa da jikin itatuwa, ga gashi, ga wari kamar ka shiga turken shanu a Zango. Wannan warin ka rike shi a hancinka, sau da yawa zaka ji shi a daji kafin ka ga komai. Sawunsu kuma tsawonsa wajen santimita 10, ya fi na barewarsu girma da fadi amma bai kai na saniya zagaye ba, ka kula da wannan saboda akwai shanun kiwo a filayen gwamnati da yawa. Kashinsu in suna cin danyar ciyawa yakan fito a dunkule da laushi, in busasshen abinci ne sai ya zama kwaya-kwaya kamar dabino kanana. Ka taka shi da takalmi, in ya murje yana kore yana sheki na yau ne ko jiya, in ya yi fari ya bushe tsohon labari ne. Tarin busassun kwayoyi a kasa-kasan dutse da bakin tabo a jikin farin itacen aspen inda suka gwaguyi bawo, wannan mazauninsu na lokacin dusar kankara ne, ba zai amfane ka a Satumba ba, sai dai in lasisinka na Nuwamba ne.

Iska. Kawu kullum da dan tsumma da toka a aljihunsa, ya kada ya ga inda ta nufa. Can ma suna sayar da wata 'yar kwalba mai farar hoda, aikin daya ne. Elik zata iya ganinka ta yi shakka, ta ji karar reshe ta dauka 'yar uwarta ce domin su ma da hayaniya suke tafiya, amma in ta shaki warinka magana ta kare. Mu nan mun saba da iska mai alkibla daya, hunturu daga arewa maso gabas, damina daga kudu maso yamma. Iskar dutse kuwa sau biyu take juyawa a rana. Da dare da sassafe iska mai sanyi tana gangarowa kasa kamar ruwa, rana na dumama dutsen sai ta juya tana hawa sama, da yamma inuwa na sauka ta sake gangarowa. Ma'ana da asuba ka kasance kasa da su ko gefensu, da hantsi ka kasance sama da su. Lokacin juyawar, wajen karfe tara zuwa goma ya danganta da gangaren, iskar rudewa take tana kadawa ko ta ina, a lokacin ka ja baya ka zauna. Kowane kwari da nasa halin, gefen inuwa yakan dade bai juya ba, dan haka duk inda ka zauna ka rubuta lokacin da ta juya, wannan rubutun ranar farauta ya fi maka komai.

Na koyi wannan da tsada. Shekarata ta biyu na yi kwana uku ina kallon wani garke sun fi ashirin, na san shigarsu na san fitarsu, sai zumudi ya dauke ni nace bari in je in ga makwancin da idona. Na shiga duhuwar ta kasa da hantsi, iska a bayana tana hawa. Ban ga komai ba sai kara kamar ana rushe gini, itatuwa na karyewa, kasa na girgiza. Na dawo bayan sati biyu wurin shiru, kashin duk ya bushe. Har yau abin yana min ciwo, domin ba ni kadai na yi asara ba, na tashi uwaye da 'ya'yansu daga wurin da suka natsu ba gaira ba dalili. Makwanci daga nesa ake saninsa. In dole sai ka taka shi to ka yi tun farkon Yuli, sau daya, ka fita.

Haka nan kar ka yi ta busa musu abin kira lokacin kewaye. Namiji yana da wani kuka da yake farawa da gurnani ya haura ya zama fito mai tsawo ya kare da gunji-gunji, in ka ji shi da asuba a kwari sai tsigar jikinka ta tashi. Ana sayar da bututun kwaikwayonsa, amma duk busar da ka yi kafin lokaci karatu kake basu. Kai dai ka saurara, musamman da dare a karshen Agusta, ka tsaya a kan tudu ka sa alama ta inda kukan yake fitowa. In kana so kunnenka ya saba, ka je garin Estes Park da yake cikin Kolorado a Satumba, suna shigowa har cikin gari kuma gandun da yake kusa ba a farauta a ciki, kamar dai Kamuku ko Yankari a wajenmu, sai dai ka basu tazara sosai, namiji a wannan lokacin yana iya kai wa mutum hari.

Kyamarar da ake daurewa a bishiya tana taimako a bakin ruwa ko wurin birgima, amma doka ta bambanta, jihar Arizona ta haramta amfani da ita domin farauta tun farkon 2022, wasu jihohin sun kayyade watanni, jirgi mara matuki kuma haramun ne neman dabba da shi a Kolorado. In kewayen ya kai ka jihohin Montana ko Wayomin ko Aidaho akwai manyan beyar masu hatsari, wata katuwar dabbar daji ce mai gashi da manyan farata, ka rataya feshin barkonon korarsu a kirji inda hannu zai kai, ba cikin jaka ba.

Abu na karshe da zaka kewaya shine mutane. Ka duba inda ake ajiye motoci, inda aka taba kafa tanti da tokar wuta, hanyoyin da dawaki suke bi, ka kirga motoci ranar Asabar. Farautar baka da kibiya a Kolorado a Satumba take, ta bindiga kuma akasari Oktoba da Nuwamba, kuma kwana biyu da budewa dabbobin sun gane, sai su bar filayen nan masu kyau su fada wurin da ya fi ko'ina muni, kwazazzabo mai tsayi, duhuwa mai kututture, ko su tsallaka filin wani attajiri inda ba mai binsu. To ka zauna da taswirarka ka ce in mutane suka shigo ta nan da nan, ina garken nan zai nufa, ta wane wuyan dutse zai bi? Ka je ka ga wurin tun yanzu, ka san hanyar shigarsa a duhu, ka san inda zaka zauna in iska tana gangarowa da inda zaka koma in ta juya.

Kanina, in zaka iya fita uku ka yi uku. Daya a Yuli domin sanin hanyoyi da ruwa da taka wuraren da ba zaka sake takawa ba, daya tsakiyar Agusta domin hange da neman mata, daya kuma kwana uku ko hudu kafin budewa, wannan ta karshen daga nesa kawai, ido da kunne. In karatu bai barka ba sai daya, ka zabi ta karshen, ka tafi da littafi da biro da 'yar kwalbar hodarka, kuma ka turo min hoton taswirar ta wayar yayanka in duba maka wuraren da ka sa wa alama.